Shaihu Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen Da Ya Koyar Da Lissafi A Masar

Sunansa na yanka Muhammadu, sunan mahaifinsa ma Muhammadu. Amma a littattafan Masar ba a bar sunan haka kawai ba, sai da aka jera masa laƙabi huɗu: Alfullani, Alkashinawi, Addanrankawi, Assudani. Watau Bafillace, Bakatsine, mutumin garin Ɗan Ranko na ƙasar Katsina, daga ƙasar baƙar fata, gama a wancan zamani duk ƙasashen da ke kudu da Hamada Sudan a ke kiransu. Wanda ya taɓa zaman baƙunci ya san yadda haka ke faruwa. A gida sunanka ya ishe ka, amma ranar da ka sauka Sabo ta Ibadan ko Agege, sai ka koma Musa Na-Kano ko Audu Sakkwato.

Wannan bawan Allah ya rayu tun zamanin sarakunan Haɓe. Ya rasu cikin 1741, shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, shekara 63 kafin jihadin 1804, kuma shekara 87 kafin Abu Ja ya kafa garin Abuja cikin 1828, garin da yanzu a ke kira Suleja. Ya kamata a riƙe waɗannan shekaru, domin har yanzu akwai masu zaton lissafi mai zurfi sai da Turawa suka zo da makarantun boko sa'an nan mutanen Arewa suka san shi. Fiye da shekara 160 kafin sojan Lugga su shiga Kano, ga Bakatsine nan zaune a birnin Alƙahira yana koya wa manyan malamanta lissafi.

KARATUNSA A GIDA

A lokacin da ya tashi, Katsina na cikin ganiyarta. Fatake na shigowa daga Agadas da Gwanja da Barno, malamai kuwa sun daɗe da kafa sansani a birnin. Nan ne garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, nan ne kuma hasumiyar Gobarau ta ke tsaye har yau. Sabo da haka mai neman ilmi bai rasa inda zai durƙusa ba.

Shi da kansa ya rubuta jerin malamansa. Akwai Shaihu Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu, mutumin Bagarmi a ƙasar Cadi ta yanzu, mai littafin tauhidin nan Manhajul Farid, wanda kuma ya taɓa rubuta littafi sukutum don ya nuna haramcin shan taba. Akwai Shaihu Hashimu. Akwai Shaihu Muhammadu Fudu, wanda a hannunsa ne karatu ya fara buɗe masa. Ya yi wajen shekara huɗu yana biye da shi, in malam na gida yana gida, in ya yi tafiya tare su ke, har ya ƙware a nahawu da sarfu. Da fari malamin ya kan kira shi Mai Maƙama, sabo da ya haddace littafin Maƙama sarai, har in an faɗi kalma ɗaya daga ciki sai ya kawo wadda ta gabace ta ba tare da ya tsaya tunani ba. Kowane almajiri na iya ci gaba daga inda aka tsaya masa, amma komawa baya sai wanda hadda ta zauna masa daram. Daga baya malamin ya sake masa laƙabi, ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun nan na Basra, wanda shi ma ba Balarabe ba ne, Bafarishe ne.

Lissafi kuwa a wurin Shaihu Muhammadu Bindu ya koye shi. A nan ya karanta hisabi, da ilmin haruffa, da ilmin aufaƙi wanda Hausawa suka sani da sunan hatimi, da ilmin sanin lokuta bisa hanyar mutanen Magrib. A wurinsa kuma ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, da Alfiyyar Iraƙi, da littattafan aƙida shida na Sanusi. Ya saurari Buhari, ya kuma saurari babban sashe na Muhtasar. Duk wannan karatu a ƙasashen nan namu ya yi shi, tun bai taka ƙasar Larabawa ba.

Yana da wata ɗabi'a da ya ke alfahari da ita: bai taɓa karatu da littafin aro ba. In yana son karanta littafin da ba shi da shi, sai ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, ya bar fili mai faɗi tsakanin layi da layi, inda zai riƙa rubuta sharhi da abin da ya ji daga bakin malam. In himma ta motsa, har sharhin da hashiyar ya kan kwafe duka. A zamanin da takarda sai an ratso Hamada da ita a bayan raƙumi, wannan ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Ɗaliban yanzu masu jiran a ba su takardar wani su kwafa daren jarrabawa, da sun gan shi da sun ji kunya.

TAFIYA GABAS

Ba yunwa ce ta fitar da shi daga gida ba, ba kuma husuma ba. Ya bayyana cewa yana zaune lafiya lau da iyalinsa, cikin wadata da kwanciyar rai, ya bar su ya zaɓi baƙunci da kaɗaici da haɗarin hanya don neman ilmi kawai. Ya nemi izinin malaminsa, ya kama hanyar hajji. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A wani gari ya yada zango har wata biyar wurin wani malami, ya karanta littattafan hisabi da na ramli, watau bugun ƙasa. Ya kuma rubuta labarin tafiyar tasa.

Ya yi aikin hajji cikin shekarar 1142 ta Hijira, watau 1730, sa'an nan ya zauna a Makka. A can ya soma rubuta babban littafinsa Addurrul Manzum, kan ɗalasimai da taurari, ya kammala shi a Masar cikin watan Rajab na 1146. Tsakanin nan, cikin 1732, ya gama Bahjatul Afaƙi, littafin da ya yi kan haruffa da hatimi, wanda shi ne masana lissafi suka fi ambatonsa da shi yau. Yana da littafin nahawu mai suna Bulugul Arabi. Ya kuma tsara ilmin manɗiƙi a waƙe ya sa masa suna Minahul Ƙuddus, ya koma ya yi masa sharhi mai suna Izalatul Ubus, mujalladi guda mai kauri ƙwarai.

A Alƙahira ya fara sauka a wani lungu da a ke kira Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. Tsarin Azhar a lokacin zai yi wa mazauna zango kama da abin da suka sani: ɗaliban kowace ƙasa da ɓangarensu da shugabansu, na Barno daban, na Magrib daban, na Sham daban. A nan ya haɗu da Shaihu Hasan Aljabarti, malamin fiƙihu kuma masanin taurari, wanda kakanninsa suka fito daga gabashin Afirka, wajen ƙasar Habasha. Wannan malami da Masar ke ji da shi, shi ne ya zauna gaban Bakatsine ya koyi ilmin hatimi da lissafin haruffa.

MENE NE HATIMI?

Kusan kowane Bahaushe ya taɓa ganin hatimi a allo ko a cikin laya, amma kaɗan ne suka san lissafi ne tsantsa a cikinsa. A zana murabba'i mai gida tara, uku a kwance uku a tsaye. A zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, kamar haka:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 zai bayar. Dalili kuwa shi ne jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, in an raba wa layi uku kowane ya sami 15. Akwai ƙa'ida ga kowane irin girma: a riɓa yawan gidajen layi da kansa, a ƙara 1, a sake riɓawa da yawan gidajen layin, a raba biyu. Mai gida biyar a layi zai ba da 65, mai bakwai 175.

Abin tambaya shi ne, me ya sa 5 ta zauna a tsakiya? Ba don wani asiri ba ne. In aka nemi duk hanyoyin da za a ɗauki lambobi uku daban-daban daga 1 zuwa 9 su ba da 15, takwas kaɗai za a samu: 1, 5, 9; 1, 6, 8; 2, 4, 9; 2, 5, 8; 2, 6, 7; 3, 4, 8; 3, 5, 7; da 4, 5, 6. Layukan hatimin ma takwas ne cif, sabo da haka dole kowane rukuni ya sami layinsa. To, gidan tsakiya layi huɗu ne ke ratsa shi, kuma 5 ce kaɗai ta fito a rukuni huɗu. Gidan kusurwa layi uku ke ratsa shi, masu fitowa sau uku kuwa su ne 2, 4, 6 da 8. Sauran, watau 1, 3, 7 da 9, sau biyu-biyu suka fito, sai su zauna a gidajen gefe. Lambobin kusurwan nan huɗu, in an mai da su haruffa bisa lissafin abajada, su ne ba, dal, wau da ha, inda aka samo kalmar nan Buduhu da a kan gani a rubuce-rubucen malamai.

Ba shi ne ya ƙago hatimi ba. Mutanen ƙasar Sin sun san mai gida tara tun da daɗewa, kuma malaman Basra da a ke kira Ihwanus Safa sun zana hatimai a littafinsu tun ƙarni na 10. Aikin Alkashinawi shi ne ya tattara hanyoyin gina su ya shimfiɗa wa ɗalibi dalla-dalla, musamman waɗanda yawan gidajen layinsu mara ne, watau wutiri, irin su uku da biyar da bakwai. Wanda ya ɗauki abin wasa, ya gwada cika mai gida ashirin da biyar da ka, ya ga inda dare zai yi masa. Mai gida tara iri ɗaya tak ne, sai dai a juya shi ta fuska takwas. Mai gida goma sha shida iri 880 ne. Mai gida ashirin da biyar kuwa sai cikin 1973 aka ƙidaya shi da kwamfuta, aka sami iri 275,305,224.

Ba a ɓoye cewa shi da mutanen zamaninsa sun ɗauki hatimi a kan abu mai asiri, har ya gargaɗi ɗalibi da ya riƙe sirri, ya kuma yi haƙuri kada ya karaya. Malaman Musulunci sun daɗe suna saɓani a kan irin waɗannan ilmoma, da yawa daga cikinsu sun haramta duba da bugun ƙasa, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne. Amma ko mutum ya yarda da laya ko ya ƙi ta, 4 da 9 da 2 dai 15 ne, kuma wanda ya iya tsara ƙa'idar da za ta cika hatimi kowane iri ba tare da lalube ba, masanin lissafi ne a kowace makaranta ta duniya.

DA'IRORIN DA YARA KE ZANAWA

Yadda aka warware maganar 5 ɗin nan, ta hanyar ware rukuni-rukuni a duba wace lamba ce ke cikin wanne, shi ne ainihin darasin da 'yan sakandare ke kira set, wanda har yau ya ke fitowa a jarrabawar WAEC. Iyaye da yawa su kan ga yaro ya zana da'ira biyu sun shiga juna, su ɗauka wani sabon abu ne na Turawa. Alhali kuwa tushensa na cikin ilmin manɗiƙi, wanda Alkashinawi ya karanta a gida ya kuma yi wa waƙa da sharhi.

Set dai ba kome ba ne illa rukunin abubuwa da aka san iyakarsa, yadda kowane abu ko dai yana ciki ko yana waje. Littattafan manɗiƙi na Larabci sun koyar da cewa in an gwama rukuni biyu, dangantakarsu ba ta wuce huɗu. Laƙabin shaihun kansa ya isa misali. Duk mutumin Ɗan Ranko Bakatsine ne, amma ba kowane Bakatsine ne mutumin Ɗan Ranko ba, kamar yadda duk mazaunin Suleja mazaunin Jihar Neja ne, amma na Minna da na Bida ba na Suleja ba ne. Wannan shi ne ƙaramin rukuni cikin babba, yaro zai zana ƙaramar da'ira a cikin babbar da'ira. Malaman manɗiƙi na kiransa umumi da hususi muɗlaƙi. Fulani da Katsinawa kuwa dangantakarsu daban ce. Akwai Bafillacen da ba Bakatsine ba, akwai Bakatsinen da ba Bafillace ba, akwai kuma wanda ya haɗa duka biyu, kamar shi shaihun. Nan ne da'ira biyu ke shiga juna su bar fili a tsakiya, malamai na ce da shi umumi da hususi ta fuska ɗaya. Saura biyun masu sauƙi ne: rukunin da ba su haɗa kome ba, kamar raƙuma da dawaki, shi ne tabayuni, da kuma suna biyu da ke nufin rukuni ɗaya, kamar kwanakin Ramadan da kwanakin wata na tara na Hijira, shi ne tasawi.

Amfanin abin a ƙidaya ya ke fitowa. A ce a wani gida a zango akwai mutum 30, 18 na jin Yarabanci, 15 na jin Turancin buroka. In aka tara sai a sami 33, sun fi mutanen gidan yawa. Ina kuskuren ya ke? An ƙirga masu jin duka biyu sau biyu ne. In su 8 ne, a cire 8 daga 33, saura 25, su ne masu jin aƙalla ɗaya. Ragowar 5 Hausa kaɗai gare su, su ne a ke yi wa tafinta a kasuwa.

Kada a yi ƙari a magana, Alkashinawi bai ƙago ilmin set ba. Da'irorin nan wani Baturen Ingila mai suna John Venn ne ya tsara su cikin 1880. Wanda ya mai da abin reshen lissafi mai zaman kansa kuwa shi ne Georg Cantor na ƙasar Jamus, wanda aka haifa 1845 ya mutu 1918. Shi ya kai maganar ga rukunin da ba su da iyaka. In an haɗa 1 da 2, 2 da 4, 3 da 6, haka har abada, kowace lamba za ta sami abokiya, watau lambobin cika yawansu ɗaya da dukan lambobin ƙirga, ko da ya ke su sashe ne kawai a cikinsu. Cikin 1874 ya tabbatar da abin da ya fi wannan ban mamaki, cewa wani rashin iyakar ya fi wani yawa. Wannan sabon abu ne da malaman da ba su kai gare shi ba. Amma matakin farko, wanda shi ne a ke koya wa yara, almajiran manɗiƙi a Katsina sun san shi da sunayensa na Larabci tun kafin a haifi kakan Cantor.

RASUWARSA

Bai sake ganin Katsina ba. A ƙarshen rayuwarsa ya koma gidan Shaihu Hasan Aljabarti, a nan Allah ya karɓi abinsa cikin shekarar 1154 ta Hijira, kimanin shekara goma sha ɗaya bayan hajjinsa. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa, waɗannan da ya ƙi karanta na aro ya yi ta kwafa da hannunsa. Shaihu Hasan ya yi masa abin da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwa. Ya binne shi a Bustanul Ulama'i, watau Lambun Malamai, cikin maƙabartar Mujawirin, ya sa aka yi gini a kan kabarin, aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah ya ji ƙansa.

Bayan fiye da shekara goma aka haifa wa Shaihu Hasan ɗa, aka sa masa suna Abdurrahman. Yaron bai taɓa ganin baƙon gidansu ba, amma da ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, wanda ya ga shigowar sojan Faransa ƙarƙashin Napoliyon cikin 1798 da idonsa, sai ya sa tarihin Bakatsinen cikin littafinsa Aja'ibul Asar, a jerin manyan malaman da suka rasu, ya yabe shi da faɗin ilmi a kowane fanni. Yawancin abin da aka sani game da malamansa da tafiyarsa ta wannan hanya ya iso.

A nan gida sai cikin ƙarni na 20 masu bincike suka sake tono sunansa. Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya rubuta maƙala a kan lissafin haruffansa cikin 1967, a mujallar cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan. Cikin 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta bayyana hatimansa a littafin da ta rubuta kan lissafin mutanen Afirka, daga nan sunansa ya shiga makarantun ƙasashen waje. Addurrul Manzum an buga shi a maɗaba'a a Masar. Kofin Bahjatul Afaƙi na rubutun hannu kuwa, akwai shi a ajiye a ɗakin karatu na Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.